Kotson Narambaɗa Da Yadda Ya Gyara Mana Kunne

Sau da yawa abokai kan tambaye ni dalilin da ya sa waƙar zamani ba ta cika kama ni ba, ni kuwa amsata ɗaya ce: duk wanda ya tashi tsakanin Isa da Sabon Birni, Ibrahim Narambaɗa ya riga ya gyara masa kunne tun yana ƙarami.

Sai an koma tarihi kaɗan kafin a gane nauyin waƙoƙinsa. A 1808 mayaƙan jihadi suka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, wanda kufansa ke ƙasar Sabon Birni. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 wasu Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma wani reshe nasu ya dawo ya kafa Sabon Birni. A Isa kuwa, sarautar Sarkin Gobir tana hannun zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ke nan garuruwa biyu maƙwabta, kowanne da Sarkin Gobir, kowanne da asalin da yake alfahari da shi. A irin wannan ƙasa makaɗin fada ba ƙaramin aiki ke gare shi ba, domin a bakinsa talaka ke jin sunayen kakannin sarki.

Narambaɗa mutumin Tubali ne. Da kiɗan noma ya fara, kafin ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa, Amadu. Kotso yake kaɗawa, 'yan amshinsa kuma sukan karɓe maganar daga bakinsa su ƙarasa ta, har ka kasa gane inda ya tsaya da inda suka ɗauka. Bakandamiya, wadda shi da kansa ya fifita a kan sauran waƙoƙinsa, ta yi sunan da har yau in an ce "bakandamiyar wane", ana nufin aikinsa mafi kyau.

Ni ban riske shi ba, domin ya rasu a farkon shekarun 1960. A rediyo na san muryarsa, sannan a kaset ɗin da ake kwafa hannu zuwa hannu har sautin ya dushe. Daga gare shi na koyi haƙurin sauraro: ka jira habaicin ya nuna, ka lura da yadda yake zambo ba tare da ya kama suna ba, ka ji daɗin Sakkwatancin. Da wannan ma'aunin na auna Musa Ɗanƙwairo da Mamman Shata daga baya, kuma da shi nake auna kowa.

Abin da ke damuna shi ne, abin da aka naɗa na muryarsa kaɗan ne, kuma akwai kalmomi da sunayen mutane a ciki waɗanda dattawan yankin kaɗai ke iya warwarewa. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi ƙoƙari da littafinsa a kan Narambaɗa, amma aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ga shi tun daga 2020 hare-haren 'yan bindiga sun tarwatsa ƙauyuka da dama a Sabon Birni da Isa, dattawan da za a tambaya wasu sun rasu, wasu sun yi gudun hijira.

Don haka ina roƙon duk mai tsohon kaset ya kwafe shi a kwamfuta, mai kaka kuma ya zauna da shi ya rubuta fassarar da zai ba shi. Allah Ya jiƙan Narambaɗa, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir, amin.