Gaiwa: kifin da ruwa ke iya kashewa

Gaiwa kifi ce mai dogon jiki da santsi, da ake samu a tabkunan da ke cika da damina a ƙasar Damagaram, har da na kewayen Mirriya. Tsawonta kan kai mita 1. Maimakon fiffiken da sauran kifaye ke iyo da shi, wasu zaruruwa 4 gare ta, sirara kamar igiya.

Abin da ya raba ta da tarwaɗa ko karfasa shi ne huhu. Dole ta riƙa leƙowa sama tana shaƙar iska. In ta daɗe cikin raga a ƙarƙashin ruwa, mutuwa take yi. Saboda haka Faransawa ke kiran danginta da sunan da ke nufin "mai numfashi biyu". A 1839 masanin Ingila Richard Owen ya raɗa mata "annectens", wato mai haɗawa.

In tabki ya fara ƙafewa, sai ta nutsa cikin laka, ta naɗe, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta bar ƴar kafar iska. Haka take kwana har ruwa ya sauka, wata 7 ko 8, ba ci ba sha. Masu cewa gaiwa jikinta take ci ba su yi ƙarya ba: tsokarta ce ke narkewa tana ciyar da ita. Da rani, ba ƙugiya ake nemanta da ita ba, haƙa ake yi.