Tasar Kaka da Sikelin Ɗan Gwangwan

A ƙauyukan da ke kewaye da Ɗanbatta, inda gona ke manne da gona, ɗan gwangwan ba baƙo ba ne. Yakan zo da buhu da sikeli, ya sayi karyayyar garma da mataccen injin ban-ruwa. Sai dai abin da ya fi faranta masa rai shi ne jan ƙarfe da tagulla, domin kilonsu ya ɗara na baƙin ƙarfe nesa ba kusa ba. Ta wannan hanya ce tsohuwar tasa da munduwar da suka daɗe a ƙarƙashin gadon kaka ke barin gida, a auna su, a narke. Mai sayarwa bai cika tambayar inda ƙarfen ya fito tun asali ba, alhali amsar tana da nisan gaske.

Ƙasar Kano ta san baƙin ƙarfe tun da daɗewa. Ragowar aikin narkar da tama da aka samu a Dutsen Dala ta kai wajen ƙarni na 7, kuma tarihin baka na danganta kafuwar garin da Abagayawa, maƙeran da suka taso daga Gaya suna neman tama. Kuza ma akwai ta a Riruwai, can kudancin Kano. Jan ƙarfe ne ƙasar ta rasa, kuma shi ne uwar tagulla, wadda ake samu idan an narka shi an gauraya da kuza ko tutiya. Saboda haka maƙerin baƙi na iya dogara da ƙasarsa, amma maƙerin fari, mai ƙera mundaye da zobba da kayan adon doki, dole ya jira ayari.

Matafiyi Ibn Battuta ya ga ɗaya daga cikin mafarin wannan ayari. A 1353 ya sauka a Takedda, wadda masana da yawa ke ganin ita ce Azelik ta ƙasar Agadas a Nijar ta yau. Ya bayyana yadda ake narka jan ƙarfe a cikin gidaje, a zuba shi sanda-sanda, wasu sirara wasu kaurara. Kaurara ɗari huɗu ne ke daidai da miskalin zinariya ɗaya. Da sirara ake sayen nama da itace, da kaurara kuwa hatsi da man shanu da bayi. Ya kuma ambaci Gobir da Barno cikin ƙasashen da ake kai wa wannan ƙarfe. Bayan kusan shekara ɗari biyar, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya tarar har lokacin jan ƙarfe na cikin hajar da fatake ke kawowa daga Tarabulus.

Shaida mafi ƙarfi tana kwance a Durɓi ta Kusheyi, cikin Ƙaramar Hukumar Mani ta Jihar Katsina, inda tuddai ke rufe da kaburburan manyan mutanen da. An fara tona wurin a 1907, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, sannan a 1992 masu bincike daga Jamus da Nijeriya suka buɗe uku daga cikin tuddan. Sun sami mundayen tagulla, da awarwaron hauren giwa, da kayan adon zinariya, da wuri, da kwanon ƙarfe wanda masana suka danganta ƙirarsa da ƙasashen Musulmi na Gabas ta Tsakiya. Kabari mafi tsufa cikinsu ya kai ƙarshen ƙarni na 13 ko farkon na 14. Wato tun a wancan zamani masu mulki a wannan yanki suna da hannu a cinikin da ya ratsa Sahara.

Waɗannan kaya sun tsira ne domin ƙasa ta ɓoye su. Tagulla ba ta ruɓewa kamar ƙwarya ko saƙi, amma tana da wani rauni: ba ta ƙin wuta. Munduwar da ta fita yayi takan koma wurin maƙeri ta fito zobe. Haka tasoshin da aka riƙa yi wa amare jere da su suka ja baya da kwanukan samira suka shigo, daga baya samirar ma ta ba tangaran wuri. A da, narkewar kan mayar da ƙarfen hannun maƙerin garin. Yanzu babbar mota ce ke kwashe shi, ba ya dawowa.

A 2022, da Jamus ta sa hannu kan mayar wa Nijeriya mallakar kayan tagullar Benin sama da dubu, waɗanda sojojin Ingila suka wawashe a 1897, an yi murna, kuma murnar ta dace. Amma tasar da ke ɗakin wata tsohuwa a karkarar Ɗanbatta ba ta buƙatar yarjejeniyar ƙasa da ƙasa. Tana buƙatar jikan da zai zauna ya tambayi mai ita wa ya saya mata, a wace kasuwa, zamanin wane sarki, ya rubuta amsar, ya ɗauki hoto. In riƙon ya gagari gida, Gidan Makama na nan a birnin Kano. Sikeli dai nauyi kaɗai yake faɗa.