Gina gida bayan ambaliya: sharaɗin karɓar taimakon mishan a Batsari da Safana

Gidan ƙasa ba ya tsayuwa sai da hannun mai shi. Kowace bazara, kafin ruwan farko ya sauka, magidanci a Ruma ko Wagini ko Runka yakan kwaɓa ƙasa ya yi wa katanga yaɓe, ya hau soro ya toshe tsagar da rani ya buɗe, ya gyara indararo don kada ruwa ya kwanta a kan rufi. Shekara guda aka tsallake wannan aiki, damina za ta nuna. Ruwa ya bi tsaga ya jiƙa azara, gindin bango ya ɗauki lema, wata rana da tsakar dare ɗaki ya zauna a kan masu barci. Duk wanda zai yi magana a kan sake gina gidaje bayan ambaliya a yammacin Katsina, daga nan ya kamata ya fara, domin abin da ake kira bala'in ruwa a wannan yanki rabinsa ne kawai ya sauko daga sama.

Ɗaya rabin daga Dajin Rugu ya fito. A watan Fabrairu na 2020 'yan bindiga suka kashe mutum kusan 30 a Tsauwa da Ɗankar cikin ƙaramar hukumar Batsari, suka ƙone gidaje da rumbuna. Bayan wata biyu, a Afrilu, hari ɗaya ya ci rayuka 47 a ƙauyukan Safana da Dutsin-Ma da Ɗanmusa. Mutumin da ya kwashi iyalinsa ya koma kwana a makarantar firamare ba zai yi yaɓe a bazarar nan ba, kuma wanda ya sayar da shanunsa ya biya kuɗin fansa ba shi da na kwano. Saboda haka ruwan da da bai isa ya rushe gida ba, yanzu yana rushe unguwa. Jibiya, maƙwabciyar Batsari, ta ga iyakar abin a watan Yuli na 2018, lokacin da ruwan dare ɗaya ya kashe fiye da mutum 40 ya tafi da ɗaruruwan gidaje.

A irin wannan hali tambaya takan taso: idan coci ko ƙungiyar mishan ta zo da kwano da siminti, a karɓa ko a mayar? Amsata ita ce a karɓa, amma bisa sharaɗi, kuma tarihin yankin nan ne ya koya mana sharaɗin.

Wanda ya bar birnin Katsina ta hanyar Batsari zai wuce ta Babbar Ruga. A ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka miƙa kula da asibitin kutare na wurin ga mishan ɗin SIM, kamar yadda aka yi da Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato. Kafin nan Turawan mulki sun taƙaita wa 'yan mishan shiga masarautun Musulmi, don haka jinya ce ta buɗe musu ƙofar da wa'azi ya kasa buɗewa. Babu mai adalcin da zai musanta alherin da aka yi a wurin: mutanen da danginsu suka guje su sun sami magani da wurin kwana da gona. Haka kuma babu mai adalcin da zai musanta cewa 'yan mishan ba su ɓoye burinsu ba, kuma yaran da suka tashi a hannunsu wasu sun bar addinin iyayensu. Shobana Shankar ta bi diddigin wannan a littafinta na 2014 a kan asalin Kiristanci a Arewacin Najeriya. Don haka idan dattijo a Safana ya tambayi mai rabon kwano me ke bayan kyautar, ba jahilci ne ya sa shi tambaya ba. Abin da kakanninsa suka gani ne.

Misali na biyu ya fi koya mana, kuma a tsallaken iyaka ya faru. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya mai aiki da SIM a Maradi, ya lura a 1983 cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara kututturen itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka bar reshe ɗaya ko biyu aka datse sauran, itace zai tashi ba tare da an dasa ba. Da farin 1984 ya zo da yunwa, mishan ta haɗa rabon hatsi da wannan aiki a ƙauyuka masu yawa: ka bar itace a gonarka, ka karɓi abinci. Mutane suka bi. Da aka daina rabo, sai aka sare wajen kashi biyu cikin uku na itatuwan. Wannan shi ne abin da taimako mai igiya ke haifarwa, ko da igiyar ba ta addini ba ce: mutum yana yin biyayya ne gwargwadon yunwarsa. Amma kashi ɗayan da ya rage ya wadatar. Waɗanda suka bar nasu sun ga itacen girki da abincin dabbobi da sandunan gini suna fitowa daga gonarsu, maƙwabta suka kwaikwaya, wannan dabara da ake kira sassaben zamani ta bazu daga manomi zuwa manomi har ta kai miliyoyin hekta a kudancin Nijar. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood. Manoman da suka riƙe wannan dabara, galibinsu Musulmi ne, sun riƙe ta ne saboda ta koma tasu.

Daga misalan nan biyu nake cewa aikin sake gini na coci a Batsari ko Safana a auna shi da hannun da zai rage a kansa bayan motocin sun tafi. Bandir ɗin kwano da aka sauke a ƙofar mai unguwa aka ɗauki hoto ba gida ba ne. Sau da yawa ma kasuwa yake ƙarewa, domin mai yunwa ba ya cin rufi. Abin da ke tsayuwa shi ne a ɗauki maginan garin a biya su, a sa dutse ko siminti a tushe har ya ɗaga bango sama da inda ruwa ke kaiwa, a ci gaba da tubali daga nan, a fitar da bakin rufi ya kare katanga, a haƙa magudana, a kauce wa bakin kwazazzabo ko da nan ne gidan gado. Ƙarfin aikin kuwa a bar shi ga gayya, wadda tun fil azal da ita ake ɗaga wa gwauruwa da tsoho ɗaki. Gidan bulo da aka zana a ofis, mai ɗaki biyu babu zaure babu katangar da za ta suturta mata, iyali za su karɓa don dole, amma ba za su zauna cikinsa yadda suka saba ba, kuma ranar da ya tsage ba su da kuɗin gyara shi.

Batun addini kuma a fito da shi fili tun farko. A 1994 aka tsara ƙa'idar aikin agaji wadda Red Cross da manyan ƙungiyoyin jinƙai, har da na coci irin su Caritas, suka amince da ita, kuma ta hana amfani da taimako don tallata aƙida. A aikace ma'anarta ita ce jerin sunayen waɗanda za a gina wa ya fito daga zaman da ya haɗa mai gari da liman da fasto da wakiliyar mata, a karanta shi a bainar jama'a, a fara da wanda ya fi rauni. Kada a haɗa rabo da taron wa'azi, kada a nemi ɗaukar yaro zuwa wani wuri a matsayin ladan gini. Wannan kariya ce ga Musulmin da ke karɓa, kuma kariya ce ga cocin da ke bayarwa daga zargin da zai iya zama fitina.

Akwai wani abin da masu adawa da irin wannan taimako ke mantawa. Kiristan Katsina a yau ba baƙo ba ne daga ƙetaren teku. Tun 1954 cocin ECWA ta tsaya da ƙafarta, kuma a 2023 aka kafa Dayosis ɗin Katolika na Katsina ƙarƙashin Bishof Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan Malumfashi. Mabiyansu sun san makuba sun san azara, ruwa ɗaya ke dukan rufinsu, 'yan bindiga ɗaya ke tare su a hanya. Idan suka zo gayyar ɗaga bango, maƙwabta ne suka zo. Nauyin farko dai yana wuyan gwamnatin jiha da hukumomin agajin gaggawa na SEMA da NEMA, sannan masu zakka da waƙafi, waɗanda ya kamata a same su a wurin tun kafin kowa. Kuma ko wane ne ya gina, sai an samar da tsaron da zai bar magidanci ya kwana a garinsu har bazara mai zuwa, in ba haka ba sabon ginin ma damina biyu ta ishe shi.