Binciken Bindiga da Harsashi a Ƙasar Daura

Binciken bindiga da harsashi reshe ne na kimiyyar gano masu laifi. Aikinsa shi ne nazarin makamin da aka harba, da dalmar da ta fita daga bakinsa, da kwanson da ya faɗi ƙasa, domin a gaya wa alƙali irin bindigar da aka yi aiki da ita, da ko ita ce aka kama a hannun wanda ake tuhuma, da inda mai harbin ya tsaya, da tazarar da ke tsakaninsa da wanda ya harba. Masana sun kasa tafiyar harsashi kashi uku: abin da ke faruwa cikin bututun bindiga daga jan kunama zuwa fitar dalma, da tafiyarta a iska, da ɓarnar da take yi wa jiki ko bango idan ta isa. A masarautar Daura, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'adua, kuma take iyaka da Jamhuriyar Nijar, ana samun bindigogin zamanai daban-daban suna aiki a lokaci guda, kuma kowace da irin shaidar da take bari.

Kalmomin fannin

Manyan kalmomin uku aro ne daga Larabci. Bindiga daga bunduƙiyya take, albarushi daga al-barud, harsashi kuwa daga ar-rasas, wato dalma. Hakan ya nuna hanyar da makamin ya biyo, ta Sahara da Borno, inda Mai Idris Alooma ya riƙe 'yan bindiga Turkawa tun ƙarni na 16. A ƙarni na 19, bayan jihadi ya raba ƙasar Daura, sarakunan tsohon gidan sarauta da suka zauna Zango da Baure sun rayu ƙarƙashin inuwar Damagaram, inda a zamanin Sarki Tanimu ake ƙera igwa da haɗa albarushi a Zinder.

A bakin jama'a harsashi sunan abin ne dukkansa, amma mai bincike dole ya rarrabe sassansa huɗu. Akwai kwanso, na tagulla ko na baƙin ƙarfe. Akwai albarushin da ke cikinsa. Akwai makunni, 'yar ƙwayar da ke tsakiyar gindin kwanso, wadda allurar bindiga ke duka wuta ta tashi. Sai dalma, wadda ita kaɗai ke tafiya, galibi sanye da rigar jan ƙarfe. Lambobin da ake kiran harsashi da su awo ne. A 7.62x39, wato harsashin AK-47, lambar farko faɗin bututu ce da milimita, ta biyu tsawon kwanso. Na G3 kuwa 7.62x51 ne: faɗi ɗaya, amma wannan ba ya shiga bindigar wancan.

Bindigogin da ake samu

Mafi tsufa ita ce bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka ko baushe, ta maharba da masu gadin gona. Ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a cusa tsumma, a sa dalma ko guntayen ƙarfe, a danna da sanda. Cikin bututunta sumul yake, ba ta kuma zubar da kwanso, don haka ba ta barin irin alamar da ake dogara da ita a yau. Mai bincike sai ya koma ga tsumman da aka cusa, da irin guntayen ƙarfen, da mazubin da aka zuba narkakkiyar dalma a ciki. Da irin wannan ne ma fannin ya fara. A 1835 wani ɗan sandan Landan, Henry Goddard, ya ga ɗan ƙulli a jikin wata dalma, ya bi sawu har ya sami mazubi mai aibin da ya haifar da ƙullin.

Irin wannan bindiga ce 'yan bindigar fada ke bugawa a hawan Sallah da Sallar Gani a Daura, inda a al'ada albarushi zalla ake ɗurawa domin ƙara da hayaƙi. Abin takaici ne a ce sunan waɗannan bayin Allah masu raya al'ada shi ne yau ake kiran ɓarayin daji da shi, har mai karanta rahoto sai ya duba mahallin magana kafin ya san wa ake nufi.

Ta biyu ita ce bindigar farauta mai watsa ƙwayoyin dalma, mai baki ɗaya ko biyu, ko wadda ake jan hannunta a sauya harsashi. Ita ma bututunta sumul ne, ƙwayoyin ba sa ɗaukar alama, amma gindin kwansonta yana ɗauka. A nan ne ƙirar gida ta shigo, irin su harba-ka-ruga, waɗanda maƙera ke yi su ci harsashin kanti. Allurar da aka goge da hannu ba ta da tagwai, saboda haka ramin da take bari a makunni yakan fito da siffa tasa ta daban.

Ta uku ita ce bindiga mai tsaga a bututu: AK-47 da danginta, da G3, da fistol, da libarba. Dalmar AK tana barin baki da gudun kimanin mita 715 a daƙiƙa, fiye da ninki biyu na gudun sauti, kuma gidan harsashinta na yau da kullum yana cin 30.

Zube da tabo

A cikin bututun irin wannan bindiga masana'anta na yanka ramuka masu murɗewa daga gindi zuwa baki, domin dalma ta fita tana juyi kamar katantanwar yara, ta tafi sak ba ta wuntsila ba. Da yake dalma ta fi ƙarfen bututu laushi, tana fita ɗauke da zanen ramukan a jikinta. AK-47 ramuka huɗu gare ta, masu murɗewa dama.

Bahaushe ba zai sha wahalar gane rabe-raben alamomin ba, domin ya san bambancin zube da tabo. Zuben da wanzami ya yi wa mutum yana faɗin gidansu ko garinsu, amma dubban mutane na da irinsa. Tabon da ya samu wajen faɗuwa daga jaki yana yaro nasa ne shi kaɗai. Yawan ramuka, da faɗinsu, da ɓangaren da suka murɗe, su ne zuben bindiga: suna iya cewa wannan dalma daga dangin AK ta fito, kuma suna iya wanke fistol ɗin da aka kama nan take. Ƙananan ƙarce-ƙarcen da kayan ƙira, da tsatsa, da yawan harbi suka bari a bututu su ne tabo, kuma su ake nema idan ana son a ce bindiga kaza ce tak. Kwanso ma yana da nasa: ramin allura, da sawun ƙarfen da ya tokare gindinsa lokacin da wuta ta tashi, da ƙarcen ƙugiyar da ta jawo shi, da dukan ƙarfen da ya cillar da shi waje.

Hanyar gwaji ita ce a harba bindigar da ake zargi cikin tankin ruwa, a tsamo dalmar ba ta lotse ba, a ɗora ta tare da wadda aka samo a wurin laifi ƙarƙashin madubin ƙara girma mai haɗa hotuna biyu a ido ɗaya. Ana juya su sannu a hankali har layukan wannan su haɗu da na waccan, ko su ƙi haɗuwa. Calvin Goddard da Philip Gravelle ne suka shigo da wannan madubi fannin a Amurka a 1925. Sakamako uku ne: ya dace, bai dace ba, ko ba a iya yankewa ba. Na ukun ba gazawa ba ce, gaskiya ce, kuma ƙwararren da bai taɓa furta shi ba abin a yi masa tambayoyi ne. A Amurka kanta rahotannin masana na 2009 da 2016 sun ja hankali cewa hukuncin dacewa ya dogara da idon mai dubawa, kada a gabatar da shi kamar ba ya kuskure.

Tazara da toka

Ba dalma kaɗai ke fita daga bakin bindiga ba, har da wuta, da hayaƙi, da ƙwayoyin albarushin da ba su ƙone ba. Idan an ɗora baki a jiki, fata na ƙonewa, toka ta shige cikin raunin. Daga ɗan nesa kaɗan ana ganin baƙin hayaƙi a riga, gaba da haka sai ɗige-ɗigen albarushi a fata, waɗanda wanki ba ya fitarwa. Idan tazara ta wuce kimanin mita ɗaya waɗannan sukan ɓace, ko da yake sai an gwada bindigar kanta ake tabbatarwa. Shi ya sa rigar mamaci shaida ce babba a duk shari'ar da wani ya ce kokawa ake yi bindiga ta tashi. Makunni kuma yana barin ƙurar dalma da wasu ƙarafa biyu a hannun mai harbi, sai dai tana kakkaɓewa cikin 'yan sa'o'i, alwala ɗaya ma na iya tafiya da ita.

Tambari da lamba

A gindin kwanso akwai tambarin masana'anta, sau da yawa tare da shekarar ƙira. Lamba 539 ta masana'antar Tula ce a Rasha, 10 kuwa ta Bulgeriya. Lambar jikin bindiga, ko an goge ta, sau da yawa ana farfaɗo da ita da sinadari, domin bugun lambar yana danne ƙarfen da ke ƙasa. Da irin wannan bin sawu ne ƙungiyar Conflict Armament Research, a rahotonta na Janairun 2020 kan makaman da aka kama a Katsina, Zamfara da Kaduna, ta gano waɗanda suka fito daga rumbunan Libiya da Kwaddibuwa, da bindigogin farauta ƙirar Turkiyya da aka shigo da su ta tashar ruwan Legas. Ga ƙasar da ke da mashigar kan iyaka irin Kongolam, tambayar ta ina makami ya shigo ba ta gaza tambayar wa ya harba ba.

Doka da wurin da abin ya faru

Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa makamai uku. Bindigogin soja da fistol da libarba sai da lasisin Shugaban Ƙasa, na farauta sai da na Sufeto Janar na 'Yan Sanda, masu ɗuri ta baki kuwa lamarinsu yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Sashe na 68 na Dokar Shaida ta 2011 ne ya ba kotu damar sauraron ra'ayin ƙwararre. Tunda hukuncin fashi da makami kisa ne a dokar 1984, kuskure a nan ran mutum yake ci.

Amma ƙwararre ba ya duba abin da bai iso gare shi ba. A ranar 1 ga Mayun 2019 masu garkuwa suka ɗauke Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, a ƙofar gidansa suna harbi sama, sai a farkon Yuli aka ceto shi a Kano. A duk harbi irin wannan cikin gari, shaidar farko kwanson da ke warwatse a ƙasa ce, kuma ita ce mafi saurin salwanta. Jama'a na cika wurin don jaje, ƙafafu su binne kwanso cikin rairayi, yara su tsinci saura su zuba aljihu. Wani da kyakkyawar niyya zai ƙwaƙulo dalma daga katangar ƙasa da wuƙa, ya ƙarce tabon da ake nema, alhali kamata ya yi a yanko ta tare da dunƙulen ƙasar da ke riƙe da ita. Gaggauta jana'iza kuwa haƙƙin mamaci ne, sai dai idan likita bai ciro dalmar kafin sutura ba, an binne ta ke nan tare da shi.

Ƙa'idar aiki ita ce a ɗauki hoton kowane kwanso a inda ya faɗi kafin a taɓa shi, domin wurin faɗuwarsa yana nuna inda mai harbi ya tsaya. A sa kowanne cikin ambulan ɗinsa, a rubuta rana da wuri da sunan jami'in da ya ɗauka, a like. Duk wanda ambulan ɗin ya bi ta hannunsa, daga caji ofis na Daura zuwa hedikwatar 'yan sanda a Katsina, zuwa ɗakin gwaji, har teburin alƙali, sai ya sa hannu da kwanan wata.