Siraran Layukan da Suka Ɗaure wa Masana Kai

A shekarar 1908, Bafaranshen masani Jean Becquerel ya haɗa kai da Heike Kamerlingh Onnes na birnin Leiden a ƙasar Holan, mutumin da a zamaninsa babu wanda ya kai shi iya sanyaya abu. Suka tsoma wasu duwatsu masu garai-garai, irin waɗanda ake kira kiristal, a ruwan haidirojin mai sanyin kusan digiri 253 ƙasa da sifili, suka haska su, suka rarrabe hasken da ya ratso zuwa launuka. A al'ada, abu mai tauri yakan shanye yanki mai faɗi na launi. Waɗannan kuwa sai ga layuka sirara, kowanne a tsaye shi kaɗai, irin waɗanda aka saba gani a iskar gas.

Duwatsun suna ɗauke da wasu daga cikin sinadarai 17 da ake wa laƙabi da ma'adinan da ba safai ake samu ba. Labarinsu ya faro a 1787, lokacin da wani hafsan sojan Suwidin, Carl Axel Arrhenius, ya tsinci baƙin dutse mai nauyi a mahaƙar ƙauyen Ytterby. Sinadaran sun yi kama da juna ƙwarai, har raba su ya ci wa masana fiye da ƙarni guda. Da Bunsen da Kirchhoff suka fito da na'urar rarrabe haske a Heidelberg wajen 1860, sai ta zama alƙali, domin kowane sinadari da jerin layukansa. Da taimakonta Carl Auer von Welsbach ya nuna a 1885 cewa abin da ake kira didimiyam sinadarai biyu ne, niyodimiyam da farasiyodimiyam. Ta kuma ruɗi wasu, suka yi ta shelar sababbin sinadaran da daga baya aka gano gauraye ne kawai.

Me ya sa layukan suka yi siriri haka? John Van Vleck na Jami'ar Harvard ya tunkari tambayar a 1937. Elektaron ɗin da ke shan hasken ba a bakin ƙwayar zarra suke ba. Suna can cikin gida, an bi zaure da soro kafin a kai gare su, wasu elektaron sun kewaye su, don haka girgizar maƙwabta ba ta cika damun su ba. Amma akwai tarnaƙi: bisa ƙa'idar fiziya, bai ma kamata su sha hasken ta wannan hanya ba. Rashin daidaiton kiristal ɗin da ke kewaye da su ne yake ɗan sassauta dokar, shi ya sa layukan suke fitowa, amma da rauni.

A ganina, wanda ya fi cancantar yabo a labarin shi ne Gerhard Dieke, haifaffen Jamus da ya koyar a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. Aikinsa ba na ɗaukar ido ba ne. Shi da ɗalibansa sukan ɗauki kiristal ɗin lantanam kulorayid, su barbaɗa masa ɗan sinadari guda, su sanyaya, su auna layukan ɗaya bayan ɗaya, sannan su koma kan na gaba. A 1963 shi da Henry Crosswhite suka wallafa taswirar matakan kuzarin sinadaran a shafi ɗaya. Tun da elektaron ɗin a killace suke, matakan ba sa sauyawa sosai ko an sauya kiristal, don haka taswirar ta yi wa kowa amfani. Shekara guda kafin nan, Brian Judd a Berkeley da George Ofelt a Johns Hopkins, kowa shi kaɗai, suka fito da lissafin da ke hasashen ƙarfin layukan da adadi uku kacal.

Raunin layukan nan kuma sai ya zama riba. Ƙwayar da ba ta saurin sakin kuzari takan riƙe shi ɗan lokaci, kuma abin da na'urar leza ke nema ke nan. A 1964, Geusic, Marcos da Van Uitert na Bell Labs suka zuba niyodimiyam a wani kiristal da ake kira YAG, aka samu lezar da ke fitar da haske a nanomita 1064, wanda ido ba ya gani. Yawanci niyodimiyam ɗin bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, amma shi ne mai aikin. A shekarar ce kuma Levine da Palilla suka nuna cewa yurofiyam, wani daga cikin sinadaran nan, na ba da ja mai ƙarfi, talabijin mai launi ta daina dusashewa.

Dieke ya rasu a 1965, littafinsa kan wannan aiki bai fito ba sai 1968. A yau, idan an cire wa mutum yanar ido, daga baya fatar da ke bayan sabon gilashin da aka saka masa ta yi hazo, da lezar YAG likita ke huda ta cikin 'yan mintuna, ba tare da wuƙa ba.