Matsayin Balaga a Tsarin Ilmin Da: Daga Atina Zuwa Zauren Zazzau

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwangila, inda hanyar Samaru da Funtuwa ta haɗu da babbar hanyar Kano zuwa Kaduna, ya san cewa magana sana'a ce. Ga ɗan kamasho yana kiran fasinja, ga mai tallar magani ya tara jama'a yana jero musu cututtuka har kowa ya ji kamar da shi ake. Ɗalibin jami'a da ya taso daga Samaru za shi Kongo yakan ratsa ta cikinsu, kuma sau da yawa mai maganin nan ya fi shi iya riƙe mutane da baki. A zamanin da, makaranta ba ta barin wannan aiki ga 'yan tasha. Tana koyar da shi a matsayin fanni mai ƙa'idoji, watau balaga, kuma akwai dalilin da ya sa ba ta taɓa koyar da shi shi kaɗai ba.

A ƙasar Girka, musamman a birnin Atina, ɗan gari shi ke kare kansa gaban masu shari'a, shi ke kuma miƙewa a taron gari ya faɗi ra'ayinsa game da yaƙi ko haraji. Saboda haka wanda bai iya magana ba yana iya rasa gonarsa, ko ma ransa. Aristotal, wanda ya rayu daga 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta littafi kan wannan fanni, ya nuna cewa abu uku ke sa a yarda da mai magana: halinsa, da yadda ya taɓa zukatan masu sauraro, da ƙarfin hujjarsa. Rumawa suka gaji wannan ilmi, suka kasa aikin mai jawabi kashi biyar: nemo abin faɗi, da tsara shi, da zaɓen kalmomi, da haddacewa, da gabatarwa. Wajen shekara ta 95, Kwintiliyan ya rubuta littafi mai juzu'i 12 kan tarbiyyar mai jawabi tun daga yarinta, ya kuma tsaya a kan cewa sai mutumin kirki ne ya cancanci wannan suna.

Daga baya Turai ta tsayar da fannoni 7 waɗanda take ganin su suka dace da ɗa, ba bawa ba. Ukun farko na harshe ne: nahawu, da manɗiƙi, da balaga. Huɗun da ke biye na ƙidaya ne: lissafi, da awon fili, da kiɗa, da ilmin taurari. Nahawu ke hana kuskuren lafazi, manɗiƙi ke hana kuskuren tunani, sa'an nan balaga ta ɗauki maganar da ta tsira daga kurakuran nan biyu ta kai ta zuciyar mai ji. Tun farko Aflaton, malamin Aristotal, ya yi sukar masu koyar da jawabi don kuɗi, ya ce suna iya mai da ƙarya ta yi kama da gaskiya. Amsar da makarantun suka bayar ita ce wannan ɗauri da suka yi wa balaga da 'yan'uwanta biyu.

Balagar Larabawa kuwa daga wata saiwa ta tsiro. Abin da ya dami malamanta shi ne gane sirrin da ya sa Alƙur'ani ya gagari masu fasaha. Abdulƙahir al-Jurjani, wanda ya rasu a 1078, ya nuna cewa sirrin yana cikin yadda aka jera kalmomi, ba a kalmomin kansu ba. Sakkaki, wanda ya rasu a 1229, ya tsara fannin a cikin Miftahul Ulum, sa'an nan Ƙazwini, wanda ya rasu a 1338, ya taƙaita shi a Talhisul Miftah. Fannin ya tsaya da rassa uku. Ma'ani shi ne sanin abin da za a gabatar da wanda za a jinkirta, da inda za a taƙaita da inda za a faɗaɗa. Bayani shi ne kamantawa da aro da kinaya. Badi'i kuma shi ne ƙawata lafazi. A wurinsu, magana ba ta zama mai balaga sai ta dace da halin da ake ciki da mutumin da ake yi wa ita.

Waɗannan littattafai sun ƙetaro Sahara tare da fatake da alhazai. Ahmad Baba na Tumbutu, wanda ya rasu a 1627, ya ambaci Talhis cikin abin da ya karanta wurin malaminsa Muhammad Bagayogo. Abdullahi ɗan Fodiyo ma, a littafinsa Ida'un Nusuhi na 1812, inda ya lissafa malamansa da abin da ya ɗauka daga kowanne, ya ambaci Talhis da Jauharul Maknun. Marubucin Jauhari shi ne Abdurrahman al-Ahdari, malamin ƙasar Aljeriya na ƙarni na 16, wanda kowane almajiri ya sani ta ƙaramin littafinsa na ibada da ake kira Ahalari. Shi ne kuma ya rubuta Sullam a fannin manɗiƙi. Watau hannu guda ya rubuta wa ɗalibi littafin salla, da na tunani, da na magana.

Birnin Zazzau ya daɗe da shahara a nahawu da lugga, kuma tsarin zaurukansa ya nuna matsayin balaga ƙarara. Bayan sauka, almajiri zai fara da littattafan ibada kamar Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala. Zai shiga nahawu ta Ajurumiyya har ya kai Alfiyyar Ibn Malik, ya tara kalmomi daga Ishiriniya da Muƙamatul Hariri. Sai bayan wannan doguwar tafiya ake buɗe masa littafin balaga, domin ita ce mabuɗin tafsiri. Bugu da ƙari, malam yakan karanta Larabci gaɓa-gaɓa yana fassarawa da Hausa, don haka ɗalibi yana koyon auna kalma a harshe biyu a lokaci guda. A waje kuma ga makarantar gari: karin magana, da kirari, da habaici, da zambon maroƙa.

Tarihin jihadi ya nuna amfanin da aka yi da wannan horo. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara wa'azi wajen 1774, shekara 30 kafin a zare takobi a 1804. Malamai yakan rubuta musu da Larabci, jama'a kuma ya yi musu magana da Fulatanci da Hausa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta bi wannan hanya, ta tsara waƙoƙin da jajojinta suke kai wa matan ƙauye. Babban misali kuwa shi ne wasiƙun da aka yi musaya tsakanin Shehu al-Kanemi na Barno da Muhammadu Bello. Al-Kanemi ya nemi a faɗa masa hujjar yaƙar mutanen da ke salla, ya kafe a kan cewa saɓo ba kafirci ba ne. Bello ya amsa da cewa Barno ta taimaki sarakunan Hausa a kan Jama'a. Bello ya sanya wasiƙun abokin jayayyarsa cikin Infaƙul Maisuri na 1812, ya bar mai karatu ya auna da kansa. Wannan hali na mutanen da suka yarda cewa sai da hujja mulki ke halalta ne.

Zuwan Turawa ya kawo wani salon. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ta koma Kaduna a 1938, ta dawo Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau, ta matsa wa ɗalibanta ƙwarai kan furta Ingilishi daidai. Daga cikinsu aka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda a watan Agusta na 1950 ya miƙe a Majalisar Arewa ya nemi a gyara mulkin En'e, jawabin da ya buɗe ƙofar gyare-gyaren da suka biyo baya. A nan Zariya kuma Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, ya kuma riƙe jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun fitowarta a Janairun 1939, ya nuna cewa Hausar boko tana iya ɗaukar jayayya da hujja.

Amma fa makarantar boko ta raba abin da magabata suka haɗa. Adon harshe ya koma ajin adabi, inda ake lissafa kamantawa da siffantawa don cin jarrabawa. Manɗiƙi ya koma wurin masu falsafa da lauyoyi. Rubutun wasiƙa da rahoto ya zama darasin ofis. Sakamakon shi ne a sami mai daɗin baki ba hujja, ko mai hujja wanda ba ya iya isar da ita.

Wannan asara ta fi shafar ma'aikacin gwamnati. Takardar da zai rubuta wa shugabansa ita ce za ta sa a haƙa wa ƙauye rijiya ko a rufe fayil. Kafin ya sa alƙalami, tambayoyin da ke gabansa su ne waɗanda Aristotal da Ƙazwini suka yi: wa zai karanta, me ya riga ya sani, me ya kamata a gabatar, wace hujja za ta tsaya in an jijjiga ta? Ɗalibi kuma, ko da bai zama mai jawabi ba, mai sauraro ne har abada, a masallaci da dandalin siyasa da gaban rediyo. Wanda ya san yadda ake ɗinka magana shi ne zai gane inda aka yi mata ƙulli. Hausawa na cewa magana zarar bunu ce. Malaman zaure sun san haka, shi ya sa ba sa miƙa wa almajiri littafin balaga sai ya gama gyara sallarsa da nahawunsa.