Dandalin canjin kuɗin kirifto: amana, ɓoye suna da doka

Dandalin canjin kirifto kamfani ne na intanet da ake sayen kuɗi irin su Bitcoin da USDT a kansa, ko a mayar da su sefa, naira ko dala. Aikinsa ya yi kama da na ƴan canjin kasuwannin Sabon Gida da Madawa, a jihar Tawa, inda fataken albasa ke juya sefa da naira. Sai dai ɗan canji an san gidansa da danginsa, kamfanin kuwa yana ƙasar waje.

Amana. Duk kuɗin da mutum ya bari a dandali, makullinsa na hannun kamfani. Idan kamfanin ya karye, kuɗin na iya salwanta. Haka ta faru da FTX a watan Nuwamban 2022, kuma kotun Amurka ta yanke wa shugabansa Sam Bankman-Fried ɗaurin shekara 25 a 2024. A Najeriya, CBEX, wanda ya yi alƙawarin ninka kuɗi cikin wata ɗaya, ya rufe a watan Afrilun 2025 da dukiyar jama'a. A cinikin P2P, wato mutum da mutum, dandali na riƙe kirifto har mai sayarwa ya tabbatar kuɗi sun shigo masa. Wanda ya yarda a ƙarasa cinikin ta WhatsApp ya rasa wannan kariya.

Ɓoye suna. Ba a rubuta sunan kowa a kundin Bitcoin, amma kowane ciniki na nan a fili, kowa na iya bin sawunsa. Manyan dandali na neman katin shaida da hoton fuska kafin buɗe asusu, suna kuma miƙa bayanan ga hukuma idan an nema. A watan Nuwamban 2023 Binance ya amince ya biya Amurka tarar dala biliyan 4.3 kan sakaci wajen hana halasta kuɗin haram.

Doka. A Nijar da sauran ƙasashen UEMOA, sefa da bankin BCEAO ke bugawa ita ce kuɗin da doka ta sani, kirifto ba ya cikin lissafi. Najeriya ta hana bankuna hulɗa da shi a watan Fabrairun 2021, ta ɗage hanin a Disamban 2023. A 2024 ta tsare jami'an Binance biyu, kamfanin ya daina cinikin naira. Dokar 2025 ta sa harkar ƙarƙashin hukumar SEC.

Abin lura ga ɗan kasuwar kan iyaka shi ne lasisin Najeriya bai ƙetaro Nijar ba. Kafin zuba kuɗi, a binciki wace hukuma ta ba kamfanin izini, a fara gwada cire kaɗan, kuma kada a bar jarin kakar albasa gaba ɗaya a dandali.